Giga ɗaya, sakan goma sha biyu: abin da ke faruwa da datarka tsakanin Maiyama da Jega

Bari mu fara da lissafi, amma kar ka gudu, ba jarrabawa ba ce. Ɗauki bidiyon nan da kake kallo a TikTok ko Facebook, a ce mai matsakaicin kyau ne, irin wanda ake rubuta wa 720p. Kowane hoto guda a cikinsa yana da ɗigo 1,280 a kwance da 720 a tsaye, wato ɗigo 921,600. Kowane ɗigo yana buƙatar bait uku kafin a faɗi launinsa: ja nawa, kore nawa, shuɗi nawa. Hotuna 30 ne kuma suke wucewa ta gaban idonka a kowane sakan. In ka ninka, za ka samu kusan megabait 83 a sakan ɗaya. Ma'ana, da a ce ana turo maka bidiyon yadda kyamara ta ɗauke shi, gigan da ka saya da kuɗin cefanenka ba zai wuce sakan goma sha biyu ba. Ko sallamar mai bidiyon ba za ka gama ji ba.

Amma ka san giga ɗaya yakan kai ka kusan awa guda kana kallo, wani lokaci ma fiye. To ina sauran ya tafi? An matse shi. Wasu mutane ne da ba ka taɓa jin sunansu ba suka ƙarar da rayuwarsu a kan tambaya ɗaya: mene ne mafi ƙarancin abin da za a aika, mai karɓa ya gane saƙo? Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan tambaya ta tashi daga ɗakin bincike ta shigo aljihunka. Matashin Maiyama da ke tallan kaya a sitatus, da ɗalibar Aliero da ke sauke darasi da tsakar dare, da dillalin albasa da ke jiran alat kafin mota ta tashi, duk wannan ilimin ne yake ɗauke da su, sun sani ko ba su sani ba.

Kai ma gwanin matsewa ne

Duba saƙon da ka tura wa abokinka da safe: "slm ykk y gd". Haruffa tara kacal, amma ya karanta salamu alaikum, ya kake, ya gida. Ka zubar da kusan duk wasulan, kuma babu abin da ya ɓace, saboda ku biyun kun riga kun san abin da ake faɗa da safe. Tura wa baturen da ya koyi Hausa a littafi wannan saƙon ka ga ikon Allah.

Abin da ka yi da ka, shi wani masanin lissafi ɗan Amurka, Claude Shannon, ya mayar ilimi a shekarar 1948, lokacin yana aiki a ɗakin binciken Bell. Ya ce labari yana cikin abin da ba ka zata ba. In wani ya kira ka a watan Afrilu ya ce ana zafi a Maiyama, bai faɗa maka komai ba. In ya ce ƙanƙara ta rufe hanyar Koko, to nan ne za ka miƙe zaune. Shannon ya samo yadda ake auna wannan mamakin da ma'auni, sunan ma'aunin bit, wato amsar e ko a'a guda ɗaya, sifili ko ɗaya. Ya kuma nuna cewa kowane irin saƙo yana da iyakar da ba za a iya matse shi ya wuce ta ba sai an yi asara. A ƙiyasinsa, kusan rabin rubutun Turanci maimaici ne da mai karatu zai iya cikewa da kansa.

Bayan shekara uku sai ga wani ɗalibi a jami'ar MIT, David Huffman. Malaminsu Robert Fano ya ba su zaɓi: ko su zauna jarrabawar ƙarshe, ko su rubuta takarda a kan hanyar da ta fi kowace tsimi wajen bai wa haruffa lambobi. Bai gaya musu cewa shi kansa ya yi fama da matsalar bai kai ƙarshenta ba. Huffman ya zaɓi takardar, ya sha wuya har ya kusa haƙura, sannan dabara ta faɗo masa. Aka buga aikin a 1952, kuma har yau yana cikin wayarka. Gudun jarrabawa dai bai taɓa yin riba irin wannan ba, amma kar ka ce ni na aike ka.

Ga yadda abin yake da sunan garinmu. Kalmar maiyama haruffa bakwai ce. A tsarin da kwamfuta ta saba, kowane harafi bit takwas ne, jimla 56. Amma duba da kyau: a ta fito sau uku, m sau biyu, i da y sau ɗai-ɗai. Sai ka bai wa wadda ta fi yawan fitowa lamba mafi gajarta. A ce a ita ce 0, m ita ce 10, i ita ce 110, y kuma 111. Maiyama ta koma 1001101110100. Ƙirga, bit 13 ne. Gwada karanta shi daga hagu, za ka ga babu inda za ka rikice, domin babu lambar da ta zama farkon wata. Sharaɗi ɗaya ne, mai karɓa ya san jadawalin, kamar yadda abokinka ya san ykk. A kalma ɗaya ribar ba ta taka kara ta karya ba, tunda jadawalin ma sai an aika shi. A littafi guda kuwa, riba ce mai tsoka.

A 1977 Abraham Lempel da Jacob Ziv suka ƙara wata dabarar: in jimla ta taɓa fitowa, kar ka sake rubuta ta, ka ce kawai a koma baya kaza a kwafo kaza. Duk fayil ɗin zip da ka taɓa buɗewa jikan wannan tunanin ne.

Wani ɗan abin lura a gefe. Saƙon tes na waya yana ɗaukar bait 140 ne. In haruffan Turanci zalla ka yi amfani da su, ana ba kowanne bit bakwai, sai ka samu haruffa 160. Da zarar ka saka ƙ ɗaya, ko ɗ, ko ɓ, wayar za ta sauya tsari ta bai wa kowane harafi bit 16, sai saƙonka ya koma haruffa 70. Wanda ya rubuta Hausa daidai, shi ne zai biya kuɗin saƙo biyu ko uku. Lokacin da aka tsara jadawalin a Turai, ba wanda ya zauna a teburin da ke cewa ƙasa ko ɗaki. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Auduga da kauɗa

Matsewa iri biyu ce. Akwai ta auduga: ka danƙara ta a buhu, in ka kwance ta dawo yadda take, ko zare ɗaya bai ɓata ba. Ita ake yi wa rubutu da lambobin banki, domin ba ka so dubu ɗari ta isa Jega ta zama dubu goma. Akwai kuma ta kauɗa da gabu: ka shanya tumatir ko ganyen albasa, ruwan ya tafi, nauyi ya ragu, miya kuma ta yi daɗi. Amma duk yadda ka jiƙa kauɗa ba za ta koma ɗanyen tumatir ba. Wannan ta biyun ita ake yi wa hoto da murya da bidiyo, kuma ita ce ke cece ka daga sakan goma sha biyun nan.

Gwanintar tana wajen sanin abin da za a zubar. Idon ɗan Adam ya fi lura da haske da duhu a kan launi, kuma ba ya damuwa da ƙananan bambance-bambance a inda abubuwa suka cakuɗe. Wani injiniya haifaffen Bangalore ta Indiya, Nasir Ahmed, shi ya kawo lissafin da ke tace hoto ya ware manyan siffofi daga ƙananan zane. Ya nemi tallafin bincike a kai aka hana shi, ya ci gaba da abinsa, suka buga sakamakon a 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao. A kan wannan lissafin aka gina JPEG a 1992. Ana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo takwas a kwance takwas a tsaye, a riƙe abin da ido zai gani, a watsar da saura. Shi ya sa in hoto ya sha matsa da yawa kake ganin ƙananan murabba'ai a fuskar mutum kamar an yi masa zanen tabarma.

Hoton kyamara mai megafiksel 12 ɗanyensa megabait 36 ne. Wayarka tana ajiye shi a megabait uku ko huɗu. In ka tura ta WhatsApp yadda aka saba, sai a ƙara rage shi har ya gaza megabait ɗaya. Ga hoton ɗaurin aure ba laifi. Amma ka yi tunanin wanda ya yi hatsarin babur, aka ɗauki hoton ƙashi a asibiti, ɗan uwansa ya ɗauki hoton da waya ya tura wa likita a Birnin Kebbi ko wani mai ɗori a Aliero don jin shawara. Siririn tsagewar ƙashi irin abin da matsewa take ɗauka a matsayin tarkace ne. Haka ɗigon ciwo a ganyen albasa da kake son malamin gona ya gani, haka ƙananan lambobin takardar sakamako ko rasit. Duk abin da ƙaramin rubutu ko siririn layi ke da muhimmanci a cikinsa, tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, zai isa yadda yake. In ba haka ba, ko maɓallin HD da WhatsApp ya ƙara a 2023 ka danna. Kuma ka sani, duk lokacin da aka sauke hoto aka sake ɗora shi, ko aka yi masa sikirinshot, an sake shanya kauɗar ne. Hoton da ya zaga guruf goma ta wannan hanyar har ya dushe, shi ne mafi sauƙin liƙa wa labarin ƙarya, don babu mai iya karanta allon da ke bayan mutanen balle ya gane garin.

Bidiyo kuma wayonsa ya fi haka. Ba a turo maka hotuna 30 cikakku a sakan. Ana turo ɗaya cikakke, sauran kuma a ce: kamar na baya ne, sai dai hannu ya matsa dama kaɗan. Shi ya sa karatun malami da ke zaune wuri ɗaya, bango a bayansa ba ya motsi, yake fitowa tas ko da sabis ɗin ya yi rauni. Amma kalli bidiyon ranar kamun kifi a Argungu, lokacin da dubban masunta suka ruga cikin Matan Fada, ruwa na fallatsa, ƙura na tashi, kowa da gorarsa. Komai na motsi, babu abin da za a ce kamar na baya ne, sai hoton ya farfashe. Ba wayarka ce ta lalace ba. In kai mai ɗaukar bidiyo ne, darasin a fili yake: kafe wayar wuri ɗaya, samu haske mai kyau, bar yawo da hannu. Bidiyonka zai fi kyau a datar da ba ta kai ta wani ba.

Murya ma haka. Waƙa a faifan CD tana cin kusan megabait goma a minti. MP3, wanda injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi jagorancin ƙirƙirarsa, ya mayar da ita kusan megabait ɗaya ta hanyar zubar da sautukan da ƙara mai ƙarfi ta riga ta danne a kunne. Saƙon murya na WhatsApp yana amfani da wani tsari mai suna Opus da aka kammala a 2012, minti guda ba ya kai rabin megabait. Ga inna da ba ta karatun boko, da ɗan kasuwar da hannunsa ke cikin buhu, wannan ya fi duk wani sabon salo da aka ƙara wa waya amfani.

Sabis ya cika, amma ba ya tafiya

Hausa ta yi mana wasa a nan: abin da ke hannunka sunansa waya, alhali duk fa'idarsa ita ce ba shi da waya. Iska yake bi, kuma iskar nan ba ta kowa ba ce kyauta. Gwamnati ce ke yanka ta zango-zango tana sayarwa. A gwanjon watan Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 don samun zangon 5G.

Shannon ɗin nan dai shi ya faɗi iyakar abin da kowace hanya za ta iya ɗauka. Abu biyu ne: faɗin zangon, da yadda muryarka ta fi hayaniyar da ke kewaye ƙarfi. Kamar magana ce a tsakiyar kasuwar Jega. In kuna kusa, za ka yi ta zuba da sauri a gane ka. In ya yi nisa, sai ka ɗaga murya, ka rage gudu, ka riƙa maimaitawa. Haka wayarka take yi da ƙarfen sabis. Ko a fili fetal, in nisa ya ninka biyu ƙarfin siginar yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, a ƙasa kuwa, da itatuwa da gine-gine da tudu, abin ya fi haka muni. Shi ya sa in ka bar titin Jega zuwa Yawuri ka nausa ƙauyukan ciki batirinka yake zuba kamar an huda shi: wayar ihu take yi don ƙarfen ya ji ta. Kuma zangon da 5G ke amfani da shi a Najeriya, na gigahaz 3.5, ba ya cin nisa kamar na ƙasa-ƙasa irin 800 da 900 na megahaz. Duk wanda ya ce maka 5G ce maganin matsalar ƙauye, tallar waya yake yi maka. Abin da ƙauye ke buƙata shi ne ƙarin ƙarafa, da wutar da ba ta yankewa, da igiyar faiba da za ta haɗa ƙarfen da sauran duniya.

Sandunan sabis da kake gani a saman allo ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba rabonka ba. Ƙarfe ɗaya tuwo ɗaya ne a kwano, duk wanda ke ƙarƙashinsa da shi za a ci. Ranar kasuwa, ko ranar da ɗalibai suka dawo hutu a Aliero, hannaye sun yi yawa. Da ƙarfe biyun dare kowa ya kwanta, kwanon naka ne, dalilin da ya sa datar dare take da arha ke nan. A irin wannan cunkoson ne lambobin banki masu farawa da tauraro suke fin manhajar banki saurin wucewa, don saƙonsu bai kai haruffa 200 ba kuma ko a 2G suna aiki. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da mutum zai tsaya a gaban mai POS kuɗi sun fita ba su shiga ba, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Gari ba sarki

Yanzu ga ɓangaren da ya fi burge ni. Wa yake raba layi a intanet? Wa yake cewa kai tura yanzu, ke jira? Babu kowa. Biliyoyin na'urori ne, kowace tana yanke hukunci da ɗan abin da ta gani a gabanta, amma tafiyar ba ta watse ba. Wannan shi masana suke kira sarrafawa a rarrabe.

A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa a jami'ar Hawayi suna son haɗa kwamfutocin tsibirai ta rediyo. Dokar da suka kafa mai sauƙi ce: in kana da magana, yi. In muryarka ta yi karo da ta wani, ku duka ku yi shiru, kowa ya jira ɗan lokacin da ya zaɓa da ka, sannan ya sake. Wi-Fi ɗin hotsifot da kuke rabawa a majalisa jikan wannan tsarin ne, sai dai an ƙara masa ladabi: saurara tukuna, in wani na magana ka bari ya kai aya. Sirrin yana cikin jiran da ka ɗin nan. Da kowa zai jira lokaci iri ɗaya, da sun sake yin karo har abada, kamar mutum biyu da suka haɗu a ƙofa kowa na cewa bismilla.

Sai a watan Oktoban 1986 intanet, tana jaririya, ta shaƙe. Tsakanin wasu cibiyoyi biyu a Berkeley da ba su fi tafiyar 'yan mintuna a ƙafa ba, gudun saƙo ya faɗo daga bit dubu 32 a sakan zuwa bit 40. Dalili? Hanya ta cika, saƙonni na ɓata, kowace kwamfuta kuma tana sake turo nata da ƙarfi, cunkoso na ƙara haihuwar cunkoso. Ka san yadda mashiga ke kullewa in kowane direba ya ce shi ne zai fara wucewa. Van Jacobson ya kawo gyara a 1988: kowa ya riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan, da zarar ya ga saƙonsa ya ɓata ya rage da rabi. Ba ɗan sanda, ba fitila, kowa ya kama kansa. Lokacin da bidiyonka ya dushe na ɗan lokaci sannan ya washe, wani abu mai kama da haka ne yake faruwa: wayarka ta ga hanya ta matse, ta nemi ƙaramin kwafi da kanta.

Sai dai kar a yi maka daɗin baki. Dokokin a rarrabe suke, amma ƙarafa da igiyoyi suna da masu su, suna kuma da maƙogwaro. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da intanet suka rikice a Najeriya da maƙwabta. Abin ya faru a teku, wanda ko Legas bai taɓa zuwa ba ya ji a jikinsa. A watan Satumbar 2021 kuma aka kashe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mako biyu aka ce da farko, a wurare da yawa sai da aka haura wata biyu. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa wata jihar don kawai su kira ɗan uwa ko su karɓi kuɗi. Ko me ra'ayinka a kan matakin, ya nuna cewa umarni ɗaya ya isa ya rufe bakin miliyoyi.

Shi ya sa ake ta bincike a kan sadarwar da waya za ta miƙa wa waya, ba tare da ƙarfe ba. Kai ma ka san ɗanɗanonta: Xender da Bluetooth, da shagon masu tura fina-finai inda fim ɗaya da aka sauke sau ɗaya yake zaga unguwa ba a ƙara kashe ko kobo na data ba. Manhajoji irin su Bridgefy suna ƙoƙarin sa saƙo ya yi tsalle daga waya zuwa waya har ya isa. Amma Bluetooth 'yan mitoci yake ci. A cikin kasuwa ko ɗakin kwanan ɗalibai zai yi aiki, tsakanin Maiyama da Andarai kuwa babu wayoyin da za su miƙa wa juna a daji. Masu bincike a Ingila kuma sun nuna a 2020 cewa tsaron Bridgefy na lokacin yana da ɓaraka. Dabara ce mai kyau da ba ta gama nuna ba.

Aikin da ke jiran ɗan gida

Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, tana zaune ne a tsakiyar ƙasar albasa. Kowa a yankin ya san labarin: lokacin kaka farashi a ƙasa, wanda ya iya ajiya a rudu har ta yi tsada shi ke cin riba, amma zafi da danshi sukan ruɓar da kaso mai yawa kafin lokacin. Sau da yawa sai wari ya tashi manomi yake sani.

To ga inda abubuwa ukun nan suke haɗuwa. Akwai ƙananan na'urori masu auna zafi da danshi, akwai kuma fasahar rediyo mai suna LoRa da ke aika ɗan mitsitsin saƙo tsawon kilomitoci da ƙaramin batiri, ba sim, ba data. Ba ta iya ɗaukar hoto, balle bidiyo. Amma zafi 41, danshi 70 bait nawa ne? Matsalar ita ce batiri: aikawa ita ke cinye shi, don haka kowane bit da ka rage ƙarin kwana ne. Na'urar ba ta buƙatar faɗin zafi kowane minti, ta yi magana kawai in ya sauya, wato Shannon ke nan. In na'urori hamsin ne a fili ɗaya, dole su san yadda za su yi magana ba karo, wato Abramson ke nan. Akwai ma wani sakamako mai ban mamaki da David Slepian da Jack Wolf suka tabbatar a 1973: in na'urori biyu suna auna abubuwa masu alaƙa, kamar rudu biyu da ke maƙwabtaka a rana ɗaya, kowace za ta iya matse nata ba tare da ta ji na ɗayar ba, jimlar abin da suka aika kuma ta yi ƙanƙanta kamar sun haɗa baki. Lissafin ya fi shekara hamsin. Gwada shi a zafin watan Afrilu na Kebbi, da ƙurar hunturu, da kuɗin da manomi zai iya biya, wannan ba wanda zai taso daga Amurka ya yi mana. Haka injinan ban ruwa a fadama, haka ƙananan tashoshin sola da ke raba wuta tsakanin gidaje: duk tambayar ɗaya ce, yaya na'urori da yawa za su daidaita kansu da ɗan saƙo kaɗan a kan sabis marar tabbas.

Mu koma kan ƙ da ɗ da na ce ka riƙe. Sabbin hanyoyin matse murya sun fara amfani da ƙirƙirarriyar basira. Google ya fitar da Lyra a 2021, mai aiki da bit dubu uku kacal a sakan, alhali kiran GSM na asali dubu 13 yake ci. Irin wannan tsarin ba muryarka yake aikawa ba kai tsaye. 'Yan alamomi yake turawa, na'urar da ke can ta sake ƙera muryar bisa abin da ta koya daga muryoyin da aka horar da ita da su. Hausa kuwa harshe ne da karin sauti da tsawon wasali suke sauya ma'ana. Gari na zama daban, gari na tuwo daban. Kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Tsarin da bai ji Hausa sosai ba zai iya ɗaukar wannan bambancin a matsayin ruwan da za a shanya. Akwai masu aiki a wannan fagen, irin su ƙungiyar Masakhane da HausaNLP, kuma shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga duk mai waya, ka karanta jimla a naɗa. In 'yan Kano kaɗai suka bayar da murya, na'ura Kananci za ta koya, ranar da kakarka ta yi mata Sakkwatanci sai ta yi zuru.

Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a aikin kammala digiri, maimakon ya sayi tsohon aiki a shagon kwamfuta ya sauya suna, ga gwaji da bai fi ƙarfin aljihu ba. Tara kalmomi tagwaye talatin irin su kafa da ƙafa. Naɗi muryar mutum goma, maza da mata, tsofaffi da yara, daga Maiyama da Sambawa da Jega. Opus kyauta ne, ana sauke shi a kowace kwamfuta. Matse muryoyin a mataki daban-daban, daga bit dubu 32 har zuwa dubu shida, sannan ka kunna wa mutane ba tare da sun san wanne ne wanne ba, ka rubuta matakin da kunne ya fara kasa raba ƙafa da kafa. Wani kuma ya hau motar haya daga Jega zuwa Koko da waya mai sim biyu, yana auna ƙarfin sigina da gudun data a kowane kilomita biyar, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da rani da damina, ya zana taswirar wuraren da sabis ke mutuwa, ya kai kwafi ɗaya sashensu, ɗaya kuma ya aika wa NCC.